Ka Mayar da Ita Gidanta

Ranar da muka fara zaman makokin surukina a ofishinsa da ke hawa na tara a ginin Tianxiu, a birnin Guangzhou na ƙasar Caina, kowa da innalillahi ya shigo, amma da tambaya ya fita. Ofishin ɗan tsukuku ne, tebur ɗaya da kujeru huɗu, sai wani kabad mai gilashi da labule ya rufe. Garin janye teburin don a shimfiɗa darduma aka taka labulen ya zame, sai ga su a jere layi bisa layi: tsofaffin asaken Bature, irin ƙarfen nan mai mariƙi da ake kwance kansa a sa reza a ɗaure a aske gemu. Na tagulla, na farin ƙarfe, masu mariƙin ƙashi, kowace a kwance cikin ɗan akwatinta, murfi a buɗe. Sun haura ɗari. Marigayin kuwa gemunsa har ƙirji, tun da na san shi reza ba ta taɓa hawa fuskarsa ba.

Wani ɗan kasuwar Kwari da ya zo sayen yadi ya shafa fatiha a gurguje ya tambaya ko sayar da su Alhaji yake yi. Aka ce masa a'a. Wani ya ce to samfur ne na kayan da zai yi oda, aka ce wace masana'anta ce za ta ƙera abin da ya girmi mai ita. Wani mutumin Yamai ya sunkuyo ya raɗa mini cewa in na asiri ne, gara mu san yadda za mu yi da su kafin magada su gani. Maƙwabciyarmu 'yar Caina mai sayar da wayoyi ta shigo da kwandon lemo, ta ga kowa kabad ɗin yake kallo, sai ta je gabansa ta rusuna sau uku, ta ɗauka nan ne muka keɓe don girmama mamaci. Babu wanda ya san ko a hana ta ko a gode mata. Aka ce mata shiyeshiye, wato an gode, ta fita tana share hawaye.

Mutanen ma ba su da yawa. Lokacin wasannin Olamfik ne, biza ta yi wuya, 'yan'uwanmu da yawa sun je gida ba su samu dawowa ba, unguwarmu ta Xiaobei ta yi shiru kamar ba ita ba. Duk shagon da ka leƙa talabijin na nuna masu gudu da masu ninƙaya. Muna karɓar gaisuwa a sama, ana tafi a ƙasanmu.

Yau wata biyar ke nan, har an fara kiransa "Alhajin nan mai reza", wasu ma sun manta ko Bakano ne ko Bakatsine. Garin 'yan kasuwa ne Guangzhou, yau kana nan gobe wani ne a kujerarka. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba zan ambaci sunansa ba, ba a rene ni da kiran sunan suruki ba, kuma mutuwa ba ta cire kunya. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake ni ba malamin komai ba ne. 'Yarsa ta fari na aura. Shekara shida muna zaune a tebur ɗaya, shi ta can ni ta nan, muna tura wa mutane kaya zuwa Kano da Maraɗi, amma ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In rana ta yi sai in ɗauki robar shinkafata in fita matattakala in ci a tsaye. Zancen gida kuwa ba ya haɗa mu. Ita 'yar fari ce, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba, ni kuma ba zan ɗauko maganar matata a gaban mahaifinta ba.

Ga abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don kada a ɗauka mutumin kirki ne ke ba da labarin. Wata uku ba kaɗan kafin rasuwarsa na saki 'yarsa. Ta waya, ta tes ma kuwa. Shekara biyu ban je gida ba, ina tsoron in na fita ba zan sake samun biza ba, ita kuma ta gaji. Ta ce mini ko hotona da ke bango ya fi ni amfani a gidan, don shi aƙalla yara suna ganinsa. Ni mutum ne mai saurin fushi da jinkirin fahimta, Allah ya haɗa mini biyun. Na rubuta mata saki ɗaya na danna. Ta kwashi yara ta koma gidansu. Washegari na zo ofis, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambaye ni ko kwantenar Maraɗi ta tashi. Na san ya sani. Na san idda tana tafiya, na san kalma ɗaya ta ishe ni in yi kome kafin ta cika, amma kullum sai in ce bari in ƙara hucewa, bari ita ta fara kira.

Wata ranar Talata Baba ya sallame azahar ya kasa tashi. Ni da amininsa, wani dattijo mutumin Maraɗi da suka fi shekara ashirin tare, muka sauko da shi muka sa a tasi. A hanyar asibiti ya kama wuyan hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce:

"Malam, ka mayar da ita gidanta."

Na ce to, Baba. Ban san da me na amsa ba. Daga nan sai kalmar shahada, kafin la'asar an ce mana ya cika.

Kafin in faɗi irin rikicin da wannan magana ta jefa mu, sai an san mutumin tukuna. Ɗan wanzamai ne gaba da baya. Kakansa Sarkin Aska ne a ƙauyensu, mahaifinsa ya yi aski da kaciya da ƙaho har idonsa ya raunana. Shi ne ya fara barin sana'ar ya shiga kasuwa, amma zabirar mahaifinsa, jakar fatar nan ta wanzamai, tana rataye a bayan ƙofar ofis. In an yi haihuwa a cikin jama'armu shi ake kira, ya je ya yi askin suna da askar gado, ko goro ba ya karɓa. Akwai wani ɗan Gana da ya kwanta ciwo wata biyu a ɗaki shi kaɗai. Duk Juma'a da safe Baba sai ya je ya aske masa kai ya gyara masa fuska, wai mara lafiya in ya ga kansa fes a madubi rabin ciwon ya tafi. Ban ji wannan daga bakinsa ba, ni na ɗauka banki yake zuwa. A wurin makoki mutumin ya faɗa yana kuka.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne me ya haɗa ɗan wanzami da askar Bature, ita da ta kashe wa ubansa kasuwa. Na taɓa cire kunya na tambaye shi sau ɗaya. Shi da ke yi wa kowane mai kaya tambaya ɗari, nawa ne nauyinsa, wa zai karɓa, me ya sa ba a ɗaure kwalin da kyau ba, da aka yi masa guda ɗaya sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce a ƙara ruwa a butar shayi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ƙanensa, wanda ya zo sayen kayan wuta rasuwar ta same shi a garin, ya ba da wani labari a wurin makoki. Wai lokacin Baba yana saurayi ya sayo irin askar nan a kanti a birni ya ɓoye. Da mahaifinsu ya gani, sai ya zare askarsa daga kube ya ajiye masa a bakin ƙofar ɗaki. Kullum ya ɗauke ya mayar, kullum da safe ya tarar da ita a wurin, har sai da ya gane ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ƙanen ya ce su gidansu ba a faɗa da baki. Aka ɗan yi dariya. Ni ma na yi, labarin ya shiga ta nan ya fita ta can.

Duk Lahadi da hantsi yakan hau bas zuwa unguwar Liwan, cikin lungunan da ake sayar da tsofaffin kaya, agogunan da suka daina tafiya da kofunan shayi masu tsaga. Wani lokaci yakan ce in raka shi in riƙe lema. Yaren Caina kalma uku ya sani, nihaw da lawban da meyo, wato sannu da maigida da babu, kuma da su ya yi shekaru yana ciniki. Askar ba ta cika ba shi wahala ba, ana samunta. Wahalar ita ce akwatinta na asali, wanda aka sayar da ita a cikinsa tun farko a Ingila ko Jamus ko Shanghai. Shi bai taɓa cewa akwati ba, gida yake cewa. Masu sayarwa sukan ɗauki aska mai kyau su cusa ta a duk akwatin da ya yi daidai da tsawonta, baƙo ya saya yana murna. Baba sai ya rufe murfin, ya kai kusa da kunne ya girgiza a hankali. In ya ji ƙwas-ƙwas sai ya ajiye ya ce, "Wannan haya take." Wai mai gida ba ta surutu a gidanta. In ya ji shiru sai ya ciro ta, ya karkata akwatin wajen haske, ya duba karammiskin da aka shimfiɗa a ciki. Ƙarfen da ya shekara hamsin a kwance wuri ɗaya yakan bar gurbinsa, haƙoran kan askar su fito ɗaya-ɗaya a jikin ƙyallen, a cikin murfi kuma za ka ga inda ya goge. Ya ƙirga haƙoran da ke ƙyalle, ya ƙirga na ƙarfe. Daga ƙarshe ya shinshina. Har yau ban san abin da yake nema da hancin ba.

Yana da gidajen da babu kowa a ciki, yana da asake marasa gida a naɗe cikin tsumma mai mai, kowane kashi da aljihun teburinsa, wasu sun yi shekaru suna jiran juna. Ranar da ya haɗa wata da gidanta ba ta shiga kabad sai kowa a hawa na tara ya sha shayi, har masu gadi. In wani ya yi kurin ya kama sabon gida mai ɗaki uku a garin, Baba yakan ce Allah ya sa alheri, amma duk haya muke.

A kan wannan hali suka taɓa ɓatawa da amininsa. Mutumin Maraɗi ya je Faransa ya dawo masa da tsaraba, aska mai ruwan zinariya cikin akwatin fata, ya miƙa masa a gaban mutane yana washe baki. Baba ya karɓa ya yi godiya, sannan maimakon ya ajiye kamar yadda kowane mai hankali zai yi, sai ya kai kunne ya girgiza. Ya ce askar ta Amurka ce, gidan na Jamus, haya take. Aminin ya ce bon, da Faransancinsa, in haka ne a ba shi abinsa. Baba ya ce kyauta ba ta komawa. Juma'a uku suna salla a sahu ɗaya ba sa gaisawa, mutum biyu da furfura. Daga baya suka shirya aka manta, amma Baba bai manta ba. Bayan shekara ɗaya da rabi ya samo ainihin mai gidan a Liwan, ya sa ta a ciki, ya aike ni in kai wa aminin ba tare da ko kalma ɗaya ba. Dattijon ya girgiza a kunnensa, ya ji shiru, ya yi ta dariya har da hawaye, yana cewa wanga mutum ba shi da magani.

Saura wadda ke kan tebur. A watannin ƙarshe wata aska ta bayyana a teburinmu tsirara, ba gida ba tsumma, 'yar siririya mai mariƙin tagulla da zane irin na saƙar tabarma. Abin ya ba ni mamaki, don Baba ba ya barin ƙarfe a waje ko na awa ɗaya. Kuma ta ɓangarena take. Kullum in ture ta gefe in cike takardun kaya, kullum da safe in tarar ta dawo daidai inda nake ɗora hannu. Wata rana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, garin nan da danshi. Ƙarfe in ya daɗe a waje tsatsa yake yi." Na ce haka ne, Baba. Da yamma na sauka na sayo man keken ɗinki na ajiye masa. Ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya ce Allah ya yi mini albarka.

To da aka zo maganar wasiyya, aminin bai ko yi shakka ba. Ya ce ai ga ta nan a kan tebur, ita ce ke damunsa, ya rasu bai samo mata gida ba. Ƙanen ya ce wannan zancen banza ne, wa zai tsaya a bakin mutuwa yana maganar reza. Gawa yake nufi. Gawa ai "ita" ce, gidanta kuma Kano kusa da iyayensa, ba shi ne kullum yake cewa haya ake a nan ba? Aminin ya ce mi kake hwaɗi haka, wa ya taɓa kiran kansa "ita", kuma Musulmi inda ya faɗi nan ake rufe shi, ba a yawo da shi cikin ƙanƙara kamar kifi. Suka juyo kaina, tunda ni aka riƙe wa hannu.

Ni kuwa kaina ya riga ya ɗaure. Da safe in ga gaskiyar ƙanen, da rana in ga ta aminin. Ga takardu, yau wannan hatimi gobe wancan, ga Baba kwance a sanyin asibiti kwana ɗaya, biyu, uku, mu da muka saba a rasu da safe a rufe kafin azahar. A kwana na uku na goyi bayan aminin, kuma da kaushin baki na yi, har na ce wa ƙanen Hausar ma ba haka take ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ka saki 'yarmu ta tes," ya ce, "kai ne za ka koya mini Hausa?"

Wallahi ko a nan ban farga ba. Kunya kawai na ji da haushi, na tashi na fita matattakala.

Surukata ce ta raba gardamar daga Kano. Ƙanen ya buga mata ya ce marigayi ya bar wasiyya a mayar da shi gida. Haka ya faɗa mata, da "shi". Ta ce ita dai abin da ta sani, ya sha gaya mata ƙasar Allah ɗaya ce, inda ya faɗi a rufe shi kada a wahalar da kowa. Ni ban yi magana da ita ba, da wane ido. A kwana na shida muka kai shi maƙabartar Musulmi cikin yayyafi, limamin ɗan Caina ne, sahu uku bai cika ba.

Tunda ba gawa ba ce, to aska ce. Na ɗauki abin da gaske, don na ce "to" ga mutumin da ke kan gargara. Na fito da duk gidajen da babu kowa daga aljihun tebur, sun kai ashirin, na dinga saka ta ina rufewa ina girgizawa a kunne. Wani ta yi masa tsawo, wani ta shiga amma ƙwas-ƙwas. Na ƙirga haƙora har idona ya yi ja. Masu kaya suna bugowa suna tambayar kwantenarsu, ni ina zaune ina shinshina karammiski ban san warin me nake nema ba. Aminin ya leƙo ya gan ni, ya ce Allah shi ba da sa'a, ya ja ƙofa. Mako guda ya ƙare ina haka.

Ran Lahadi na tafi Liwan wurin tsohon da Baba ya fi saya a hannunsa, wani mai singileti da haƙori biyu a baki. Da ya gan ni ni kaɗai riƙe da lema ya ce, lawban? Na rasa yadda zan gaya masa, sai na rufe ido na kwantar da kaina a tafin hannu, na nuna sama. Ya zauna. Can ya zuba shayi kofi uku, ya ajiye ɗaya a kan 'yar kujerar da Baba ke zama.

Na ciro askar, na zana akwati da yatsa a iska. Ya karɓa ya juya ta, ya ce meyo. Na roƙe shi da hannu ya duba dai. Ya ce meyo, meyo, ya fara magana da sauri yana nuna ni, yana nuna hanyar Xiaobei, na ɗauka kora ta yake. Da ya ga ban gane ba sai ya ɗauki biro ya zana a bayan kwali: aska a cikin akwati, da wani mutum mai dogon gemu riƙe da shi. Ya ɗaga yatsu uku ya nuna bayansa, wato shekara uku. Ya buga yatsa a kan mai gemun ya ce, "Lawban yo." Wannan kalmar na san ta, akasin meyo ce. Maigida yana da shi. Da gidanta ya saye ta.

A bas na yi ta juya maganar. In da gidanta aka saye ta, wa ya fitar da ita, kuma ina gidan? Na duba kabad, na duba aljihunan tebur. Wuri ɗaya ya rage, zabirar da ke bayan ƙofa, wadda ko yana raye ban taɓa kai hannu gare ta ba. Na yi bismilla na sauke. Ga asaken gado cikin kubensu, ga ƙaho, ga dutsen wasawa, a ƙasa kuma ɗan baƙin akwati mai jan karammiski. Na karkata shi wajen taga. Gurbinta na nan raɗau, haƙori goma sha biyu, har zanen tabarmar mariƙin ya fito.

Na tsaya riƙe da su, aska a dama gida a hagu, ina ƙoƙarin tuna ranar da na fara ganinta a tebur. Ranar da ya tambaye ni ko kwantenar Maraɗi ta tashi ce. Na zauna a kujerarsa, abin da ban taɓa yi ba. Wata uku dattijon nan yana yi mini hannunka-mai-sanda kowace safiya, ni kuma na je na sayo masa man keke.

Na buga mata nan take. Tun rasuwar ban kira ta ba, tes na ta'aziyya kawai na tura, shi ma ba ta amsa ba. Ta ɗauka a bugu na uku. Na yi mata gaisuwa, ta amsa a taƙaice. Na ce Baba ya bar mini magana, kuma ba yadda aka kai musu ba ce. Na faɗa mata kalmomin kamar yadda ya faɗe su, har da Malam ɗin. Na ce ni ma ban tabbata ba, ƙanensa ya ce gawa ce, amininsa ya ce aska, ni dai ga abin da na gani a zabira.

"Ya kira suna?" ta ce.

Na ce a'a, "ita" kawai ya ce.

"To ni ce." Sannan ta ce, "Tun da aka haife ni haka yake kirana."

Na ce to na mayar da ke, Allah ne shaida, na mayar da ke ɗakinki. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta gaya mini, ba da faɗa ba, cewa idda ta cika tun ranar Alhamis. Alhamis ɗin da nake zaune ina girgiza akwatuna a kunne.

Yanzu babu sauran kome. Sai dai in neme ta sabo kamar kowane baƙo, kuma waliyyinta shi ne mutumin da na gyara wa Hausa. Na same shi a masaukinsa a ranar, na durƙusa na gaya masa komai. Da na gama ya ce mu uku ne muka sha Hausa a nono, aka yi mana magana da ita muka kasa ji, sai da ɗan Caina ya zana mana. Ya ce shi ba zai tilasta ta ba, ita ke da ikon kanta. Ita kuwa ta ce in bar ta ta gama kukan ubanta. Da na sake tuntuɓa bayan arba'in, ta aiko mini cewa waya ce ta fitar da ita, waya ba za ta mayar da ita ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Aminin har yau yana cewa shi dai aska ya ji, in ma ɗiyar ce to duka biyun ake nufi. Ni ban sani ba. Ban san me ya sa ɗan wanzami ya ƙare rayuwarsa yana neman wa askar Bature gida ba, ban san abin da yake shinshinawa ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma wata rana sai in ji haushinsa, in ce da ya buɗe baki sau ɗaya cikin wata ukun nan da an huta. Sai in tuna ai ya buɗe. Ya ajiye kunyar da ya riƙe shekara talatin, ya kama hannun surukinsa a bayan tasi, ya faɗa da Hausa tsantsa, da numfashin da ya rage masa. Ni ne ban ji ba.

Allah ya jiƙanka da rahama, Baba, ya sa inda ka sauka ya zama gidanka na gaskiya, ba haya ba. Ya yafe maka, ya yafe mana.

Na gama sallamar kayan mutane, na miƙa wa aminin makullin ofis. Asaken kabad na ɗaure su a kwali don magada, kowace a gidanta. Jibi zan tashi, in ban sake samun biza ba shi ke nan. Aski ya zo gaban goshi. Askar nan da gidanta suna cikin jakata, kowanne a aljihunsa, don ba ni zan saka ta ba. Zan ajiye su a gaban 'yarka, in ta ga dama ta rufe murfin da hannunta. Kafin nan dai na shafa mata man keken nan, Baba, na tarar ko ɗigo ba ka taɓa ba. Kuma ka yi gaskiya, ta fara tsatsa ta wajen wuya.